Ɗaki Mai Gado Biyu

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Wagga" take ce mini da harshensu na Zamfara, ko "waccan" idan na ɗan yi nisa. Ba ta haɗa ido da ni, ba ta cin abinci a gabana, in kuma tana da magana da ni sai ta nemi wanda za ta faɗa wa, ko da kuwa ina zaune a gefenta. Ana yaye ni kakata ta wajen uba ta ɗauke ni, a hannunta na girma. Ba wanda ya ga laifin Inna, ni ma ban gani ba. Kunyar ɗan fari ce, haka ta taso ta ga ana yi. Sai dai duk sanin dalilin nan bai hana abin yi mini ciwo ba.

Abin da na fi kwaɗayi a wurinta labarin giwaye ne. Mahaifinta maharbi ne, kuma tana yarinya ta ga giwaye da idonta a bakin gulbin ƙauyensu. Idan aka kai ni gida ganin dangi, nakan tarar tana ba ƙannena labarin, suna kwance a jikinta, wani a cinya wani a baya. Ina sa ƙafa sai ta yi shiru, ta tuna akwai tukunya a wuta. Da na gane haka sai na koyi tsayawa a bayan zana. Rabi-rabi na ji labaran, har yau akwai wani toron giwa da ban san yadda suka ƙare da kakana ba.

A shekarun da aka daina kashe fam da sule aka koma naira, ina koyarwa a wata makarantar firamare a Kaduna, muna zaune a Kurmin Mashi. Maigidana ma'aikacin gwamnati ne, irin waɗanda ke goge takalmi ko da masallacin ƙofar gida za su. Mutumin kirki ne, amma in ya ga abu mai kyau ba ya iya barinsa ya ɗauki na ƙasa da shi. Lokacin babanmu ya rasu, Inna ta dawo nan Kaduna, unguwar Badarawa, gidan ƙanena direban tifa. A gidan kuma akwai ƙanwata, bazawara mai keken ɗinki da baki kamar reza, ita ce ta zama tafintarmu. Nakan je duk ranar Asabar. In zauna a bakin tabarma, Inna ta ba ni gefen fuska tana tsince shinkafa, ta ce wa ƙanwata, "Tambayi wagga ya yara." Ni kuma in ce, "Ce mata suna lafiya." Haka muke hira, mu uku, har la'asar.

Wata rana maigida ya dawo daga ofis da hotuna a aljihu. Wani abokin aikinsa ne ya je gandun namun daji na can ƙasar Bauchi, ya dawo ya cika musu kunne. Ga giwaye a bakin ruwa, ga ɓauna, ga wata maɓuɓɓuga mai ruwan ɗumi da ake wanka a ciki. Maigida ya yi sabuwar mota, hutunsa kuma zai faɗo daidai da hutun makaranta na bazara, lokacin da aka ce namun daji na taruwa a bakin rafi saboda ƙishi. Ya ce za mu bar yara wurin yayarsa mu je.

Na daɗe ina kallon hoton giwayen. Sai na ji bakina ya ce, "Da Inna."

Ya ɗago ya dube ni, ya ce wallahi na yi tunani, wannan ai lada ce. Daga nan muka shiga zancen masauki, wanda ya cinye mana makonni.

Masaukin iri-iri ne. Akwai tantuna can cikin daji, inda aka ce Turawa ke so, su kwana suna jin kukan kura. Wannan ba mu ɓata lokaci a kansa ba. Na ce wanda ya taso a ɗakin kara ba zai yi doguwar tafiya don ya kwana a ƙyalle ba. Akwai manyan gidaje na manyan baƙi, da falo da firji da na'urar sanyaya ɗaki, ɗakunan kwana biyu, banɗaki a ciki har da ruwan zafi. Sannan akwai wasu zagayayyun ɗakuna masu jinkar ciyawa, kowanne shi kaɗai a tsaye, ba komai a ciki sai gado biyu da fanka da ɗan teburi.

Hoton zagayayyen ɗakin nan shi na riƙe. Na lissafa abina tsaf. In aka kama biyu, maigida zai shiga ɗaya. Ba za a bar tsohuwa ita kaɗai a daji ba, dole a haɗa ta da ni. Ba tukunyar da za ta tuna, ba ƙanwata da za a ce wa ta faɗa mini. In tana son ruwa, ni za ta tambaya. Ban sa rai za ta kira sunana ba, ban kai can da buri ba. So nake kawai in kwana ɗaki ɗaya da uwata, in ji yadda take numfashi in ta yi barci, in ga ko da safe takan fara ɗaura ɗankwali ne ko neman buta. Ina da 'ya'ya a lokacin, amma waɗannan ƙananan abubuwan ban san su ba.

Na ce, "Malam, zagayayyun nan ba su fi ba? Ka kama biyu, kai ɗaya, mu ɗaya."

Ya yi dariya har da tafa hannu. "Surukata a bukka? Ta baro bukka a ƙauye in ɗauko ta a mota in mayar da ita bukka? Me za a ce da ni a ofis?"

"Ofis ne za su kwana a ciki?"

"Ke dai ba ki san abu mai kyau ba. Dubi nan. Ruwan zafi saboda ƙafarta. Ɗakinta daban, da ƙofarta."

"Falo ɗaya ne fa, Malam. Banɗaki ɗaya. Rufi ɗaya."

"Ni zan fita tun da sassafe, ko ƙeyata ba za ta gani ba. In ta kama ma a mota zan ci abinci."

Ya san kunyar suruki sarai, shi da ko tari ba ya yi a gabanta. Gani yake in gida ya yi girma kunyar za ta samu wurin ratsewa. Na ce wutar lantarki na iya ɗaukewa, na ce sanyin na'ura zai tayar mata da ciwon ƙafa, na ce ba ta saba da banɗakin zama ba. Kowace ya samo mata amsa. Dalilin gaskiya kuwa bai fito ba, domin mace mai 'ya'ya ba ta buɗe baki ta ce wa miji tana son kwana kusa da uwarta. Ƙanwata kaɗai na faɗa wa, tana taka keke, ta tsaya ta dube ni, ta ce, "Yaya, ke ma dai."

Abokin aikin nan ya yi magana da wani wanda ya san wani, aka samar mana babban gida. Maigida ya dawo yana taƙama, ya ce manyan mutane sun nema sun rasa.

Shi da kansa ya je Badarawa ya kai albishir. Ya cire takalmi, ya durƙusa daga wajen ƙofa, Inna na ciki bayan labule. Ya zayyana mata komai, firji da ruwan zafi da katifa mai laushi, ya ce gida guda aka ba mu, mu uku, ba wanda zai dame ta. Can ta ce, "Allah shi yi albarka. Allah shi kai mu." Ya tashi yana murna. Ni gabana ya faɗi, amma na ce wa kaina ai ba ta ce a'a ba. Na saya mata sabon zane da takalmin roba mai taushi, na aika ta hannun ƙanwata.

Ranar tafiya muka isa Badarawa da hantsi, mota cike da kaya. Na shiga na tarar da Inna zaune a gindin dalbejiya da tsohon zanenta, ta miƙe ƙafa ɗaya, tana shafa mata man zafi. A gefenta ga ƙwaryar fura an rufe da faifai, ga dambun nama a kwano.

Ta ce wa ƙanwata, "Hwaɗa ma wagga ƙahwar ta tashi. Su tahi, Allah shi kiyaye hanya."

Jiya-jiyan nan ƙafar ta kai ta gidan suna ta dawo. Na sani, ƙanwata ta sani. Maigida na waje yana cewa a gaya mata akwai ruwan ɗumi da ke maganin ciwon ƙafa, ai shi ya sa ma ya kamata ta je. Ba wanda ya shigo da saƙon. Na tsaya riƙe da mayafina. Na sunkuya zan ɗauki ƙwaryar, sai na ji ta ci gaba, idonta na kan ƙafar.

"Ce mata in sunka ga giwa, kada ta tsaya kallon toro. Ta nemi uwa mai ɗa. Ɗan ƙarƙashin cikinta yaka tahiya, ba ta dubinai, amma ko taki ɗaya ba ta yi sai ta ji shi jikin ƙahwarta."

Ƙanwata ba ta maimaita ba. Na ce, "Ce mata na ji."

Mun je. Gidan ya yi kyau kamar yadda aka faɗa, har ya fi. Maigida ya yi ta buɗe firji yana rufewa, amma duk sanda ya wuce ƙofar ɗakin da aka tanada wa Inna sai ya kawar da kai. Gwaggon birai suka sace mana burodi ta taga. Mun ga ɓauna da gwanki da gadu yana gudu da wutsiya a sama. Giwayen ma mun gan su da yamma a bakin rafi, kowa a motar yana nuna toro, ni ina neman uwa mai ɗa, na kuma same ta. Kafin mu taho na roƙi mai share ɗakuna ya buɗe mini ɗaya daga cikin zagayayyun nan. Na shiga na zauna a gado ɗaya, na kalli ɗayan. Ɗakin na ƙamshin ciyawa da sabulu.

Asabar ɗin da ta biyo baya na je Badarawa da tsaraba. Na zauna a bakin tabarma na ba ƙanwata labari, Inna na tankaɗen gari ta ba ni gefen fuska. Tambayoyi ta yi ta jefowa. A tambaye ni ko kunnuwansu na kaɗawa. A tambaye ni ko sun watsa wa bayansu ƙasa bayan sun sha ruwa. Da na ce sun watsa, sai ta yi 'yar dariya, ta ce har yanzu ba su bari ba ke nan. Na ce a ce mata na ga mai ɗan, kuma yadda ta faɗa haka yake.

Rariyar ta tsaya a hannunta.

"Tambaye ta, ɗakin ga da ta so, mai gado biyu, ta gane shi?"

Na dubi ƙanwata. Ta sunkuyar da kai tana neman allurar da ba ta faɗi ba.

Na ce, "Ce mata na gani. Har na shiga."

"Gadajen na da nisa da juna?"

"Ce mata in mutum ya miƙa hannu zai taɓa ɗayan."

Inna ta gyara riƙon rariyar. Sannan ta ci gaba da tankaɗe a hankali, ta ce, ba da ni ba, ba kuma da ƙanwata ba, "Da ma shi anka kama."

A ranar na gaya wa maigida komai, ba kunya ba ɓoye-ɓoye. Ya riƙe kai, ya ce me ya hana ni faɗa tun farko, ya rantse bazara mai zuwa zagayayyu biyu zai kama ko da manyan gidajen kyauta ake bayarwa. Da damina ƙafar ta tashi da gaske. Kafin wata bazarar ta zagayo Inna ba ta iya zaman mota ko zuwa asibiti sai an kwantar da ita, wadda ta biyo baya kuma ba ta gan ta ba.

Da ake raba kayanta ƙanwata ta miƙo mini zanen nan da takalmin roba. Ta ce ana gobe tafiyar, Inna ta sa su ta zagaya tsakar gida, sannan ta sake tambaya ko har yanzu babban gidan ne. Da aka ce mata shi ne, sai ta cire ta ninke. Na juya takalmin na duba, akwai 'yar ƙasar Badarawa a tafinsa. Ban wanke ba.