Makarar Mbah Ngatemi

A ƙauyen Sidowangi da ke tsakiyar tsibirin Jawa, duk macen da ta rasu Mbah Ngatemi, wato Kaka Ngatemi, ce ke yi mata wanka. Da safe ayaba take soyawa a bakin kasuwa, in an yi rasuwa ta sauke kasko ta ɗauki bokitinta. Bakinta kuwa sai a hankali. Mijinta Paimin, Allah ya jiƙansa, shi kaɗai ya iya zama da ita, shi ma da shiru ya iya. Yana kwance a maƙabartar da ke hayin gonakin shinkafa, ta kuma sha nuna wa mutane filin da ke gefensa tana cewa nata ne.

Sai gari ya cika ya batse. Masana'antu suka cinye gonaki, baƙi suka yi ta gine-gine, motoci suka hana kowa sakat. Aka ce za a faɗaɗa mahaɗar babbar hanya, gada kan gada, ta ratsa tsakanin ƙauye da maƙabarta. Dagaci ya tara jama'a, wata matashiyar injiniya mai suna Ratri ta baje taswira. Ta nuna gadar ƙafa mai matakala, ta ce gawa kuma motar asibiti za ta riƙa zagayawa da ita.

"Mota?" in ji Mbah Ngatemi. "Buhun shinkafa ce ni, Nduk, 'yar nan?"

"A'a, Mbah, sauƙi muke nema muku."

"Wa ya ce miki mun gaji? Pak Lurah, dagacinmu, kai ma ka yi shiru? Ubanka a mota ya tafi?"

Dagaci ya shiga gyaran hula. Abin da ya ƙona wa tsohuwar rai kowa a wurin ya san shi. A nan a kafaɗa ake kai mutum, ana karɓa-karɓa har bakin kabari, wanda kuka shekara ba ku ga maciji da juna ma sai ya sa tasa kafaɗar. Ta ga yadda aka yi wa Paimin, kuma ba ta yarda a rage mata ko kaɗan ba.

Ratri ta ce ai gadar ƙafar ma za ta ɗauki makara. Tsohuwa ba ta yi musu ba. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, ta sa aka fito da makarar ƙauye, ta ja maza da injiniyar zuwa garin da ke gaba, inda aka riga aka yi irin gadar. A gindin matakala ta cire takalmi ta haye makara ta miƙe. Mata suka ɗau salati.

"Mbah, wannan ai kiran mutuwa ne!" in ji ƙanenta Sukir.

"Ta san gidana. Ɗauka, malalaci!"

Suka ɗauka. Tun hawan farko ta fara zamewa, ƙafa na neman riga kai sauka. Da aka zo kwana makara ta cije a ƙarfe, gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Aka karkata ta, tsohuwa ta rungume sanda tana surfa musu zagi.

"Ni ina da hannun riƙewa! Gawa da me za ta riƙe?"

Ratri ta yi dariya har da hawaye, daga baya dariyar ta tsaya. Ta koma ta zana hanya ta ƙarƙashin titi, manyanta suka ce ba ta cikin tsari. Mbah Ngatemi ta kwashe kaskonta daga kasuwa ta kafa shi a ƙofar ofishinsu, makara jingine a bayanta. Duk wanda ya sayi ayaba sai ya sha labari. Damina ta zo ta wuce tana nan, tari ya kama ta, ba ta gusa ba.

A ƙarshe abin da aka ba su bai fi kwalbati ba, an dai faɗaɗa shi, dogon mutum sai ya sunkuya. Sukir ya ce raini ne. Ta ce a kawo makara a gani.

Ta haye, suka shiga da ita, tireloli na ruri a bisa kansu, maza na karɓa-karɓa a duƙe, wani na buga ƙeya yana tsaki. Ba ta zagi kowa ba. Da suka fito hayi haske ya dake ta, Sukir ya ce to a juya.

"Sauke ni tukuna."

Ta taka ba takalmi har kabarin Paimin, ta tsuguna ta cire ciyawar da ta fito a gefensa.

"Kar ka matsa, ba yau ba ne," ta ce masa. "Hanya na zo dubawa. Tana ɓullewa."