Limamin Nasara a Zauren Baba

Mahaifina malami ne a Birni, tsohuwar unguwar Zinder, yana karantar da manyan littattafai a zaurensa bayan la'asar. Ni kuwa tun ina ƙarami dogarai suka zo suka ɗauke ni lakwal, wato makarantar boko, don an ce kowace unguwa sai ta ba da yara. Daga ranar Baba ya daina kirana zaure. Bai tsane ni ba. Yakan tambayi lafiyata, yakan ɗinka mini rigar salla, amma zancen karatu ya ɗauke shi daga kaina. Da na girma na samu aikin buga takardu a biron kwamanda, wato ofishin Baturen mulki, sai na zama ɗan da ake nema idan takardar Faransanci ta shigo gida, a sallame shi idan ya gama karantawa.

A shekarun da gari ya cika da maganar zaɓe da 'yancin kai, wani limamin Nasara ya fara zuwa gidanmu. Dogo ne mai gemu, da farar riga har ƙasa, yana tura kekensa don ba ya tuƙuwa a rairayin lungunanmu. Ya zauna ƙasar Larabawa kafin a kawo shi Damagaram, saboda haka ya iya Larabci, Hausarsa ma ba laifi. Ranar farko na yi murna, na ce yau dai Baba zai nemi tafinta. Na zauna bakin ƙofa ina jira. Har suka tashi ba wanda ya waiwaye ni.

Sunayen annabawa suke bi ɗaya bayan ɗaya. Baƙon ya faɗi yadda littafinsu ya kira annabi, Baba ya faɗi namu. Ibrahim da Musa ba su ba su wahala ba, amma kan Idrisu sun daɗe suna ja-in-ja. Baba ya sa aka shimfiɗa masa buzu daf da nasa. Daga tsakar gida nakan jiyo dariyar Baba, irin wadda ban san yana da ita ba, sai in ji tuwo ya fita raina.

Wata rana baƙon ya yi tambaya kan Halliru, bawan Allahn da Annabi Musa ya bi don ya koya daga gare shi, ya ce babu shi a littafinsu. Baba ya gyara zama ya shiga yi masa bayanin ilimin ladunni, wato sanin da Allah ke zubawa a zuciyar bawa ba ta hanyar malami ba. Wannan kalma na taɓa jin ta a bakin ɗalibansa ina yaro, na tambaye shi ma'anarta, ya ce, "Je ka yi karatun mushenku," wato malaminmu na lakwal. Yau ga shi yana warware ta a tsanake, har da misalai.

Da baƙon ya tafi na shiga zaure na durƙusa.

"Baba, mutumin nan fa ba ya salla."

"Na sani."

"Ni ina yi."

Ya ajiye carbinsa ya dube ni. "Me kake son faɗa?"

"Abin da kake ba shi, ni ba ka taɓa ba ni ba."

Na fara nadamar shigowa. Can ya ce, "Ban san kana so ba. Kullum da wandon Nasara nake ganinka, kana sauri. Gobe ka zo bayan asuba."

Na zo. Ya ɗauko ƙaramin littafin tsarki da alwala, wanda yara ke farawa da shi, ya ce daga nan kowa ke tashi. Haka muka yi ta yi kafin in tafi biro. Idan na yi kuskure ya gyara, idan na yi daidai ya ce "ci gaba." Da la'asar kuma mai farar riga ya jingine kekensa, a buɗe manyan zantuka, a yi ta dariya. Ina karatuna, kishin yana nan inda yake.

Bayan an samu 'yancin kai aka mayar da baƙon wani gari. Baba, wanda ko manyan attajirai ba ya rakawa su wuce bakin zaure, ya taka da shi har ƙofar gari. Ba a jima ba ciwo ya kwantar da Baba, ya rasu muna tsakiyar littattafan fiƙihu.

Da daɗewa bayan haka mutumin ya dawo Zinder, ya tsufa, yana dogara sanda. Ya nemi in kai shi kabarin Baba, na kai shi. Ya tsaya ya yi hawaye. A hanyar dawowa ya ce, "Ka san mahaifinka yana saurayi ya taɓa gudu daga karatu ya bi ayarin raƙuma har Agadas? Wai gishiri yake so ya yi fatauci. Kakanka ya aika aka kamo shi."

Yana faɗa yana dariya. Ni ban taɓa jin wannan labari ba, ko daga bakin mahaifiyata. Na raka shi tasha ya hau mota, na dawo gida na ce wa iyalina kada a kawo mini abincin rana.