Abin da Aka Binne a Gindin Hasumiya

Duk wanda ya taɓa sayen waina a unguwar Mansur, a lungun da ke kallon ƙaramin masallacin nan mai koriyar hasumiya, ya san Hajiya Adama. In bai san sunanta ba, ya san harararta. 'Yar Damagaram ce, gajera, mai faɗin kafaɗa. Ta zo aikin hajji da mijinta tun tana da ƙuruciya, suka ga wuri suka zauna. Mijin, Ɗanjuma tela, ya rasu aka binne shi a nan Makka, ya bar ta da tanda da murhun gawayi da ɗa guda ɗaya, Yunus.

Adama ba ta yarda da kowa ba, kuma ba ta ɓoyewa. In ka yaba wainarta sai ta tambaye ka me kake nema. In baƙo ya tambaye ta hanya sai ta fara duban takalminsa, don a cewarta masu binciken iƙama, wato takardar izinin zama, a takalmi ake gane su. Ba laifinta ba ne gaba ɗaya. Matar da ta ƙare ƙuruciyarta a gari ana ce mata Takari, wato baƙuwa baƙar fata, in abu ya ɓace a layi a fara duban ƙofarta, dole idonta ya koyi kallon gefe.

Abu ɗaya ne hankalinta ya kwanta da shi. Ranar da cibiyar Yunus ta faɗi, ta naɗe ta a ƙyalle ta binne a gindin darbejiyar da ke jikin hasumiyar masallacin. A garinsu an yi imani cewa inda aka binne cibiyar mutum nan zuciyarsa take komowa, ko ina ya je. Shi ya sa da Yunus ya bi wasu iyayen gidansa Larabawa zuwa Suwizalan a matsayin direba, ya maƙale a can, ya sami aiki, ba ta yi kuka ba. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, sai dai ta ce, "Wancan yaron zai dawo. Na san abin da na ajiye."

Sai ga labari cewa mutanen Suwizalan sun yi ƙuri'a sun hana Musulmi gina hasumiya. An shekara ana wannan magana a bakin tandarta ba a gama ba. Wani birkila Bakano ya ce hasumiya ba farilla ba ce, a bar su da tsoronsu. Wani direba ya ce yau hasumiya, gobe lulluɓi, jibi sallar kanta. Wanda ya fi kowa kumfar baki shi ne Turki, Balarabe mai kanti a jikin masallacin.

"Hasumiya huɗu ce kacal a ƙasar gaba ɗaya," in ji Turki. "Huɗu. Mutum bai yi maka komai ba, ka dube shi kawai ka ce mugu ne. Wannan zalunci ne, wallahi."

Maƙwabciyar Adama, Ɗaso, Basakkwata, ita ce ta kawo mata hoton tallar ƙuri'ar a waya: tutar ƙasar, an jera hasumiyoyi baƙaƙe a kanta kamar makamai, ga mace cikin niƙabi a gefe. Adama ta daɗe tana kallo, ta miƙa mata wayarta. A ranar ta ƙona kasko biyu na waina.

Bayan wannan ne Yunus ya bugo ya ce ya yi aure a can. Sunanta Selma. Ya rantse mata cewa Musulma ce tun kaka da kakanni, iyayenta 'yan Bosniya ne da yaƙi ya koro, kuma ranar ƙuri'ar nan ita ƙin dokar ta yi, aka rinjaye su. Adama ta ce to. Ta ga fararen alhazai iri-iri a Harami tsawon rayuwarta, amma alhaji daban, suruka daban. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne an riƙe mata ɗa a ƙasar da ba a son ganin hasumiya, kuma yanzu ta san wadda ta riƙe shi.

A shekarar 2013 suka zo umara, ɗauke da jaririya wadda aka sa wa sunan Adama, suna kiranta Ummi. Tsohuwa ta karɓi takwararta, ta shinshina kan jaririyar. Ta so yarinyar nan take, so mai ciwo. Tun daga wannan lokacin tsoronta ya zama biyu.

Selma kuwa ba a kama ta da laifi ba, kuma wannan ma Adama ta lissafa shi cikin laifi. Abayarta har ƙasa. Tana durƙusawa ta gaishe ta, ta ce "Mama" da 'yar Hausar da mijinta ya koya mata. Ta ci tuwo da miyar kuka ba ta yamutsa fuska ba. Amma duk inda suka bi, daga Mansur har Tandabawi, in ta ga hasumiya sai ta tsaya ta ɗaga waya ta ɗauki hoto. In ladan ya fara kira sai ta hau saman soro ta tsaya ƙyam, tana kallon koriyar hasumiyar nan. Kuma akwai wani ɗan ƙulli a aljihun jakarta wanda take shafawa lokaci-lokaci, ba ta bari kowa ya taɓa.

"Hoton me take ta ɗauka?" Adama ta tambayi ɗanta.

"Inna, sha'awa ce. A garinmu babu ko ɗaya."

Garinmu. Adama ta haɗiye wannan kalmar da ƙyar, ta kai wa Ɗaso.

Ɗaso ta rage murya. "Yaya Adama, ni dai ban ce komai ba. Amma mutanen da suka hana a gina, me ɗiyarsu za ta yi da hoto? Ki sa ido ga ƙullin nan."

Ba sai an gaya mata ba. Wata rana bayan azahar, lokacin da rana ta kori kowa daga titi, kantuna suka rufe, Adama ta leƙa ta taga ta hango su biyu a gindin darbejiya. Yunus ya nuna wani wuri da ƙafa, ya juya baya yana duban hanya, dama da hagu. Selma ta tsuguna, ta fito da cokali ta tona, ta sa ƙullin, ta mayar da ƙasa ta daddanna da tafin hannu. Wurin da ya nuna mata, daidai inda cibiyarsa take ne.

Adama ta ja da baya daga tagar. A duniyar da ta sani, abin da ake binnewa a ɓoye da tsakar rana, ana gadin hanya, sunansa ɗaya. An zo har gida a kashe abin da ke jawo mata ɗanta, kuma shi da kansa ya nuna wurin, wato an riga an gama da shi. Ga wani tsoron kuma a kai. A garin nan zargin sihiri ba abin wasa ba ne, kuma in aka tono ƙulli a gindin masallaci ba wanda zai dubi farar mace mai fasfon Turai. Ƙofar mai waina za a ƙwanƙwasa.

Da suka tafi Harami sallar la'asar, Adama ta ɗauki tsinken juya waina ta fita ta tone wurin. Ta sa hannun hagu cikin leda ta ɗauko abin. Farin ƙyalle ne, an ɗinke shi da jan zare. Ba ta buɗe ba, don kowa ya san ba a buɗe irin wannan. Ta hura gawayi, ta karanta Falaƙi da Nasi, ta jefa. Ya yi ɗan ƙauri irin na fata, sai ta gyaɗa kai, abin da take zargi ya tabbata. Ta ƙarasa yinin ranar da fara'a, har ta ƙara wa Selma nama a miya.

Ranar tafiya ta zo, motar da za ta kai su filin jirgi na Jidda tana jira a bakin layi. Yunus ya tsuguna gaban uwarsa, Selma ta tsuguna a bayansa da jaririya.

"Inna, akwai abin da muka yi ba mu faɗa miki ba. Ita ta ce a bari sai yau, kunya take ji." Ya yi murmushi. "Cibiyar Ummi ce. Tun da ta faɗi take ajiye da ita. Na taɓa ba ta labarin tawa, ashe ta riƙe. Ta ce yarinyar nan za ta tashi a ƙasar da aka yi ƙuri'a a kan ba a son ganin irinta, to aƙalla cibiyarta ta kwanta a gindin hasumiya, kusa da ta ubanta, kusa da ke. Mun yi a ɓoye ne don kin san garin nan, kada wani ya gani ya fassara."

Selma ta kamo hannun Adama, wannan hannun na hagu, ta ɗora a kan jaririyar. Ta haɗa 'yar Hausarta da ƙyar. "Mama, ki duba mata. Za ta dawo."

Adama ta buɗe baki. Ta dubi ɗanta, ta dubi yarinyar da ke barci. Ta ce, "To." Direba ya danna oda, suka tashi, ta raka su har mota tana ɗaga hannu. Wannan "to" ɗin ita ce ƙarya mafi nauyi da ta taɓa yi, kuma ta san haka tun kafin ta rufe baki.

Ta koma gida ta tsaya a kan murhu. Kullum da safe takan kwashe toka ta zubar a shara, motar shara ta wuce da ita. Abin da ya rage sai ɗan abin da ya maƙale a kusurwoyi, kuma ba ta da hanyar sanin ko akwai wani abu na jikarta a ciki. Duk da haka ta kankare shi da cokali, ta zuba a farin ƙyalle, ta ƙulle. Ba ta jira titi ya yi shiru ba. Ta tafi gindin darbejiya ta tsuguna tana tono, hawaye na ɗiga a kan ƙasar.

Inuwa ta faɗo a kanta. Turki ne, ya fito daga kanti da makulli a hannu. Shekara da shekaru yana cin wainarta, amma yanzu kallonta yake kamar yau ya fara ganinta. Adama ta gane wannan kallon sarai, don da shi ta karɓi surukarta.

"Ya hajja," in ji shi a hankali, "me kike binnewa a nan?"

"Toka ce," ta ce.

Turki ya dubi ƙullin, ya dubi fuskarta, ya ja da baya kaɗan. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da waya, ya fara danna lamba.