Goggo Drahuše da shekarar da hular harsashi ta yi wuya

Ranar Talata, huɗu ga watan Maris, ina tsaka da fitar da burodi daga tanda mijinki Vendelín ya kira ni. Ya ce, "Oldřich, Drahuše ta tafi." Zuciyarki ce ta tsaya, Goggo, kina datse rassan tuffa a lambun bayan gida, kina da shekara saba'in da ɗaya. Na zauna in rubuta baƙin ciki, amma duk abin da na tuno game da ke sai ya miƙar da ni tsaye.

Babu wanda kika haifa a ƙungiyar harbinmu ta nan Pelhřimov, amma kowa Goggo yake ce miki. Duk wanda ya iya ɗura harsashin fistol da hannunsa a cikinmu, a teburinki ya koya. Ke kika nuna mana wanke kwanso, da auna albarushi, da dasa hula, 'yar ƙwayar nan da ke gindin harsashi wadda ke tayar da wutar. Wanda ya yi surutu lokacin awo, waje kike korarsa, ko da likita ne.

Ba zan manta da shekarar da hular fistol ta ɓace daga shaguna ba. Gasar yanki ta matso, ga kwanso, ga albarushi, babu hula. Har mun fara maganar janyewa, sai ga Zbyšek makaniki ya faɗo da kwali a kafaɗa yana haki. Hular bindigar farauta ya samo wurin wani maharbi.

"Girmansu ɗaya, Goggo! Mu dasa kawai mu wuce!"

"Gishiri da sukari ma kamarsu ɗaya," kika ce. "Je ka zuba wa matarka gishiri a kofi, ka dawo ka ba mu labari. Wannan wutarta daban, bayanta kuma tauri gare shi. Yatsunka sun ishe ka ne?"

Ba ki hana ba, ba ki kuma yi gaggawa ba. Kika sa muka rage albarushi, muka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, ana harbawa ana auna gudun harsashi, ke kuma kina duba gindin kowane kwanso da gilashi. Ranar da kika ɗago kai kika ce ya yi, Zbyšek ya sungume ki sama kina dukansa da tsumma.

Ni kaɗai ban yi murna ba. Bindigata bugunta sanyi gare shi, ba ta iya fasa hula mai tauri. In na ja kunama sai in ji ƙas, shiru. Safiyar gasar muna shiga mota kika ajiye min akwati a cinya, kika ce wasu 'yan tsofaffin hulunan fistol kika tono a kabad, kin ɗura min harsasai da su daidai bindigata. Ban tambayi komai ba don murna.

Wayyo wannan rana! Ban taɓa harbi irin nata ba. Ƙarafan da aka jera mana mu harba suna zubewa tun kafin in gama ganinsu, 'yan ƙungiyarmu suna ihu a bayana. Sai layi ya zo kanki a zagayen ƙarshe, kina kan gaba a rukunin mata. Harbi biyu, na uku ƙas. Kafin mu ja numfashi kin zare harsashin kin ci gaba. Can kuma ƙas! Kika sake zarewa, farin gashinki na tashi, kina gudu tsakanin shingaye kamar 'yar shekara ashirin. Har abokan hamayya suka miƙe suna tafi. Jinkirin ya raba ki da lambar yabonki, amma da aka haɗa maki, ƙungiyarmu ce ta ɗauki kofin, da ƙyar.

A nan na gane. Na ce, "Goggo, naki kika ba ni!"

"Rufe mana baki, mai burodi. Kofuna sun cika min gida, Vendelín ƙusoshi yake zubawa a ciki. Kai kuwa ko cokali ba ka taɓa ci ba."

Kin san tsohuwar bindigarki ma takan ƙi hular nan lokaci-lokaci. Da saninki kika shiga fili da ita.

Haka kike. Da Zbyšek ya karye a ƙafa, ke kika riƙa kai 'ya'yansa makaranta har ya warke. Da matata ta kwanta a asibiti, miyar tafarnuwarki ce ta riƙe gidana. Jiya Vendelín ya buɗe firiza ya tarar da ita maƙil da kek ɗin cuku da kika toya don bikin buɗe filin harbi na bazara. Ya ce ranar Asabar, bayan mun raka ki, kowa ya biyo gida, kada kuma wani ya ci abinci kafin ya zo.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Vendelín, da 'yarku Jarmila, da jikokinki, da mu da muka ari sunan Goggo muka ƙi mayarwa. Allah ya ji ƙanki, ya yafe miki, ya ba ki hutawa. Ƙasa ta yi miki sauƙi. Allah ya ba Vendelín ƙarfin zama a gidan nan ba tare da muryarki ba.