Ɗan Gwaggo

Ni dai ban yi boko ba. Abin da na sani na aikin lauya, a gidanmu na Ƙofar Jatau na san shi, daga bakin autata, da kuma mutanen da ke cika mana zaure duk Asabar ɗin da ta zo daga Kaduna. Wani an kore shi daga aiki babu ko takarda, wata an riƙe mata fasfo, wani kuma gwamnati yake so ya kai ƙara, yana faɗa yana waiwaye. Takan zauna a tabarma ta saurare su, ni kuma in aika musu da ruwa. Ban taɓa zaton ni ma za a sa ni a fayil ba.

'Ya'yana shida. Na farin namiji ne, a gidan iyayena na haife shi, a Ƙofar Galadima, da na je goyon ciki. Mu a zamaninmu mace ba ta kallon ɗan fari a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, ba ta faɗin sunansa. Da aka yaye shi, gwaggona da ke aure a Maraɗi, wadda Allah bai ba ta haihuwa ba, ta zo ta goya shi ta tafi. Ban raka su ko zaure ba, ina ɗaki ina tsintar shinkafa. Sai da ya shekara goma mahaifinsa ya sa aka dawo da shi don makaranta. Ya dawo da Hausar can a bakinsa, har yau ba ta gama fita ba. Tun daga nan ni Ɗan Gwaggo nake ce masa, shi kuma yana kirana da abin da ya ji maƙwabta na kirana.

Kwanci tashi ya zama ma'aikacin gwamnati, har furfura ta fito masa a bakin aiki. Ana nan, ana shirin ƙara masa girma, sai wani ya rubuta takarda cewa shi ba ɗan ƙasa ba ne, in ana musu a saurari maganarsa.

Wata Laraba da hantsi ina shanya kuɓewa, ma'aikatan shige da fice su biyu suka yi sallama. Namijin ya tsaya a zaure, matar ta shigo ta durƙusa ta gaishe ni. Ba 'yar nan ba ce, Hausarta ta kasuwa ce. Ta ambaci sunansa, ta ce, "Mama, ɗanki ne?"

Surukata, matar ƙaninsa, na tsaye, maƙwabta biyu na zaune. Na ce, "Ɗan gwaggo ne."

"Gwaggon tana ina?"

"Ta rasu, can Maraɗi."

"Can ya tashi?"

"Can ya tashi."

Ta rubuta, ta miƙo tawada, na dangwala yatsa. Har gyaɗa na ƙulla musu. Ba a yi sati biyu ba aka dakatar da shi, aka karɓe fasfonsa.

Auta ta zo ba ranar zuwanta ba. Ko jaka ba ta ajiye ba.

"Inna, me kika gaya musu?"

"Abin da nake faɗa kullum."

"Kullum ga waɗanda suka san gaskiya kike faɗa. Waɗannan abin da suka ji suke rubutawa."

"To, su tambayi unguwa mana."

"Unguwa ba ta dangwala yatsa ba, Inna. Ke kika dangwala."

Na ce a nemo ungozoma. Ta rasu. Limamin da ya raɗa suna ya rasu, mahaifinsu ya rasu. An ɗebi jinina da nasa an gwada, amma Auta ta ce duk da haka takardata tana nan, sai bakin da ya faɗa ya warware a gaban alƙali.

Ta dinga zuwa tana koya mini. Sai ta kifa farar hular gashin nan tasu ta lauyoyi a kan turmi, ta ce ga alƙali nan.

"Wa kika haifa da fari?"

"Yayanku."

"Sunansa?"

"Ke ba ki san sunan yayanki ba? Wace irin lauya ce ke?"

"Irin wadda uwarta ke ɓata mata shari'a."

Ran farko mun yi dariya. Daga baya ta daina. Takan ɗauki hularta ta kaɗe, ta ce aikin Yaya ne fa, da ƙasarsa, da ta 'ya'yansa.

Shi kuwa yana gidansa a Tukur-Tukur. Matarsa ta ce kullum da safe sai ya yi wanka ya sa kayan ofis, ya zauna a falo har azahar, sannan ya tuɓe. Ran Juma'a yakan zo gaishe ni yadda ya saba, ya tsuguna a bakin ƙofa. Bai taɓa ta da maganar ba, ni ma haka. Nakan lalubi ƙirjina in ji ko akwai wani abu, in ji shiru, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta.

Ranar shari'a aka kai ni Kaduna. Ɗakin kotun sanyi ƙalau. Auta ta sa baƙar riga, ta ɗora hular a kan ɗankwali, ta daina ce mini Inna, sai "shaida". Ta bi da ni a hankali. Ta nuna bayana ta ce mutumin can wa ya haife shi. Na ce ni. Ta tambayi gidan, da lokacin, da yadda gwaggo ta tafi da shi. Ba ta tambayi suna ba, ta zauna.

Sai lauyan ɗaya ɓangaren ya miƙe da takardata a hannu, tafinta na juya mini maganarsa.

"Baba, ran nan kika yi ƙarya, ko yau?"

"Ban yi ƙarya ba. Kunya na yi."

Tafinta ya tsaya yana neman yadda zai faɗa da Turanci. Alƙali ya ɗaga masa hannu, alamar ya ji.

"To, in ɗanki ne, mene ne sunansa?"

Na dubi fankar da ke sama, ba ta juyawa. Na dubi Auta, ta sunkuyar da kai tana gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Sai na faɗa. Alƙali ya ce a ɗaga murya. Na sake faɗa. Ya fito kamar kowane suna, babu abin da ya tsage. Ban waiwaya ba, amma na ji benci ya yi ƙara a bayana.

Wata huɗu bayan nan aka yanke hukunci: a mayar da shi aiki, a ba shi fasfonsa. Auta ta bugo waya tana ta murna. Na ce mata Allah ya yi albarka, na ci gaba da tankaɗe.

Ran Juma'a ya zo, ya tsuguna inda ya saba.

"Hajiya, an mayar da ni."

"Madalla."

Ya daɗe yana wasa da bakin tabarma. Can ya ce, "Ban taɓa jin sunana a bakinki ba sai a kotu."

Na ce, "An ci abinci?"

Ya ce a'a. Da ina kiran surukata ne ta kawo masa. Ran nan ban kira kowa ba. Na tashi, na zuba tuwon da kaina, na ajiye a gabansa. Na koma na zauna ina kallon bango, ina jin sa yana ci har ya gama.