Baba Gado, Mai Ba Jirgi Ruwa

Jama'ar Kaura Namoda, kun san tsohon nan da ke fitowa kullum bayan asuba da kwalba a aljihu, yana bin rijiyoyin unguwar Tasha? Baba Gado ke nan. Yakan ɗebi ruwa, ya jefa ɗan sabulu, ya girgiza, ya ɗaga yana kallon kumfa. Mu da dariya muke yi masa, Allah ya yafe mana.

Ashe shekara ashirin da bakwai ya yi a reluwe, zamanin jirgi mai gawayi. Shi ke gyara ruwan da ake ɗura wa tukunyar jirgi, don kada dattin ruwa ya daskare a ciki ta fashe. Jirgin ya daina zuwa tun kafin a ba mu jiha, shi bai daina duba ruwa ba.

To ga labarin! Ina jego bana, ɗana Alamin ya kama zawo, kullum ramewa. Surukata Inna Kulsumu ta ce nonona ne ba shi da kyau, ran Juma'a za ta tafi da shi garinsu Dauran a ba shi na saniya. Kuka na yi ta yi. Sai mai gidana ya kira Baba Gado. Bai shigo ba, a zaure ya tsaya ya ce a fito masa da tukunyar wankan jego da randar sha. Ya shafa cikin tukunyar, ya shinshina randar.

"Kulsumu, wanga ruwa kuke ɗura ma jinjiri? Ko jirgi ba ni ba shi!"

"Jikana jirgi ne, Gado?"

"Jirgi ƙarfe ne, ya fi shi ƙwari. Ba ni kwana ukku."

Ya sa alif a ruwan, datti ya kwanta, aka tace, aka tafasa. Ya ce uwa ta sha, yaro nono kaɗai. Kafin Juma'a zawo ya tsaya cak! Inna ta kwance kayanta, ita ce ma yanzu ke hana kowa taɓa tsohuwar rijiyar da muke ɗibar ruwan nan.

Baba Gado, kai ne ka bar mini ɗana a bayana. Allah ya saka, ya ƙara lafiya. Ku kuma mata, in kun gan shi da kwalbarsa, ku bar dariya ku miƙa masa guga. Alamin dai ga shi nan, zanen goyo har ya fara yi masa kaɗan.