Gefen Tagar da Inna Ta Bayar

Shekarun baya, wata Alhamis da la'asar, 'yan fashi suka tare motar da ta kwaso mutanen ƙauyenmu daga kasuwar Maigatari. Mahaifiyata na ciki, ta je sayar da man gyaɗa. Ita ta dawo ko ƙwarzane babu. Maƙwabciyarmu kuwa, aminiyarta tun suna amare, harsashi ya same ta, gawarta aka kawo.

Daga ranar Inna ta daina matsar mai, ta daina fita. Ƙofa in ta bugu da ƙarfi, sai ka ga kwano ya suɓuce mata. Muka yi ta addu'a, muna ba ta haƙuri, ita kuma ba ta wuce "to."

Bayan sadakar arba'in aka ce wasu baƙi sun zo daga Dutse don taimakon waɗanda abin ya shafa. Ni da wayona har buhu na naɗe a hammata, na ɗauka shinkafa za a raba. Ina zuwa na tarar da mata biyu da namiji ɗaya a kan tabarma, hannu rabbana. Wai aikinsu sauraron waɗanda suka ga tashin hankali. Na ce a raina, yanzu saboda hira aka ƙona mai tun daga Dutse?

Babbar cikinsu ta biyo ni gida. Ta gaida Inna, ta zauna kusa da ita, ta jawo ƙwaryar gyaɗa tana ɓarewa. Ba ta tambaye ta komai ba. Mako na biyu ma haka. A na uku ina zaure na jiyo muryar Inna.

"'Yar nan, a motar nan gefen taga wurina ne. Ni na ce wa aminiyata mu yi musanya, iska na damuna."

Matar ta bar ta ta yi kuka har ta gaji. Sannan ta ce, "Inna, da ita ce ta roƙe ki, ke kika rasu, za ki so ta kulle kanta a ɗaki haka?"

Inna ta ce, "Wa? Da na zage ta tas."

Suka yi dariya, ni kuwa gardin banza ina zaure ina share hawaye da hula.

Kafin su daina zuwa sai da suka zauna da ungozomarmu da malamar Islamiyya, suka koya musu yadda ake wannan zama. Matan da ke cikin motar suka riƙa haɗuwa duk Talata. Da kaka ta yi, Inna ta koma kasuwa.

Har yau in na je ta'aziyya nakan rage baki, in ƙara zama. Na taɓa tambayar Inna me ya sa ta faɗa wa baƙuwa, ni da muke gida ɗaya ta ɓoye mini. Ta kalle ni ta ce, "Kai ai ɗana ne. Da na faɗa maka, sai in bar nawa kukan in koma rarrashinka."